Takin Feshi da Ƙamshin Shinkafa: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



Da yawa daga cikinmu, ko da aikin ofis muke yi, muna taɓa noman shinkafa, wasu a fadamun gulbin Sakkwato nan Gusau da Bunguɗu, wasu kuwa ta tudu a Tsafe. To, yanzu a shagunan maganin gona ana tallan takin ruwa mai ɗauke da sinadaran amino asid, ana cewa in an fesa wa ganye, shinkafa za ta yi ƙiba ta kuma yi ƙamshi. Shin haka ne?

Amino asid su ne tubalan da ake gina furotin da su. Ganye yana shan su, kuma sukan taimaki shuka ta jure fari da zafi. Amma ba su maye gurbin taki. Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitirojin, abin da ke cikin kwalba guda kuwa bai taka kara ya karya ba.

Batun ƙamshi shi ne inda ake cin kuɗin mutane. A 1982 masana a Amurka suka gano sinadarin da ke sa Basmati ta Indiya da Jasmin ta Tailan ƙamshi, ana kiransa 2AP a taƙaice. Shuka tana haɗa shi daga wani amino asid mai suna furolin, kuma gwaje-gwaje a ƙasar Sin sun nuna fesa furolin lokacin fitar kai yana ƙara shi. Sai dai fa a kan iri mai ƙamshi aka yi su. Abin gado ne, kuma a 2005 aka gano ƙwayar halittarsa a Ostireliya: iri maras ƙamshi yana da wata ƙwayar halitta mai aiki wadda ke hana sinadarin taruwa. Saboda haka Faro 44, wadda muke kira Sipi, ko randa guda aka juye mata ba za ta koma Basmati ba. Malaman Bayoloji da ke zaune nan, ga amfanin darasin gado da muka riƙa gyangyaɗi a kansa!

Wanda ya samu iri mai ƙamshi, ya yi feshin da sassafe ko da yamma, ya bar fangali guda bai fesa ba, don ya auna da kwano bayan sussuka. Ya kuma sani ƙamshin mai tashi ne, shanya a rana mai zafi da daɗewa a rumbu suna rage shi.