Ƙugiya Ɗaya Tana Iya Zubar da Mutunci



Bari in fara da misali. A ce ma'ajin wata ƙungiya ya miƙa wa sakatariya kuɗin taro, sai mai rubuta rahoto ya rubuta cewa, "Ma'aji ya bata kudin." To, me aka ce ke nan? In an raba kalmar, "ya ba ta kuɗin", ma'aji ya sauke amana. In kuwa an sa ƙugiya, "ya ɓata kuɗin", ya zama maci amana. Mai rubutu bai raba ba, bai kuma sa ƙugiya ba, ya bar mutuncin bawan Allah a hannun duk wanda ya ɗauki takardar.

A nan ne rubutu ya bambanta da magana. Idan kana magana, murya tana taimakonka, wanda bai gane ba kuma sai ya tambaye ka. Amma takarda ita kaɗai take tafiya. Za ta shiga fayil ta shekara goma, a fito da ita ranar da ba ka nan balle ka ce ga abin da kake nufi. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce, to ina ga wadda aka sa wa hannu aka buga mata hatimi?

Rubutunmu na boko ba ya nuna karin sauti, ba ya kuma nuna tsawon wasali. Shi ya sa "gado" na kwanciya da "gado" na magada suke kama ɗaya a takarda. Tun da mai karatu yana ɗauke da wannan nauyi, bai kamata mu ƙara masa wani ba. Wanda ya yar da ƙugiya ya haɗa "ƙasa" da "kasa", da "baƙi" da "baki", da "ƙare" da "kare". Wanda bai kula da rabon kalmomi ba ya mai da "su ma" ta koma "suma", "ku ma" ta koma "kuma", "na sa" ta koma "nasa". Haka nan nahawu: "mota ce" ake cewa, "gida ne", "motarsa", "gidansa", domin Hausa tana bambanta namiji da mace ko a cikin abin da ba shi da rai.

Waɗannan ƙa'idoji ba daga sama suka faɗo ba. Hans Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubutun Hausa a 1912. An tsaya a kan ɓ da ɗ da ƙ a cikin shekarun 1930. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, Abubakar Imam yana editanta, ita ta kai wannan rubutu birni da ƙauye. An kafa Hukumar Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, aka kuma yi na Yamai a 1980 don daidaita rubutun Nijeriya da na Nijar. Mutane sun ƙarar da shekarunsu a kan abin da mu muke zubarwa don gaggawa.

Abin takaici, ɗalibin da zai ji kunya in ya kuskure harafi ɗaya a Turanci, shi ne zai rubuta Hausa yadda ya ga dama, ya ce ai harshensa ne. Iya magana daban, iya rubutu daban. Kowanne koyonsa ake yi. Uzurin keken rubutu ma ya ƙare, domin wayar da ke aljihunka tana karɓar allon rubutu mai ƙugiya, in ka nema.

Saboda haka ina roƙonku abu uku. Ku sa ƙugiya inda take. Ku raba abin da yake rabe, ku haɗa abin da yake haɗe. Kafin ku sa hannu a kowace takarda, ku karanta ta da ƙarfi kamar wani ne ya rubuto muku. In kuma aboki ya nuna muku kuskure, kada ku yi fushi, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Gobe ku ne za ku rubuta sanarwar asibiti, da takardar filin talaka, da bayanin mai ƙara a gaban alƙali. Wanda za a karanta wa ba shi da wata kariya sai gaskiyar alƙalaminku.

Allah ya sa mu dace.