Mai Cikin Fari da Damuwar da Ba Ta Faɗa



Ranar suna mukan cika gida da waƙa, kowa na miƙa hannu ya karɓi jariri. Amma mu nawa ne muke tambayar maijego ko ta samu barci?

Tun ciki yana ƙarami tunani yake cin mai cikin fari: ko ɗan yana lafiya, ko za ta sauka lafiya, ko kuɗin asibiti zai samu. Kunyar ɗan fari kuma ta rufe mata baki. A dā mace takan koma gida goyon ciki, ta yi wankan jego a hannun uwarta. Yau da yawa cikin 'ya'yanmu suna ɗakin haya a birni, daga ita sai mijinta.

A shekarar 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace 1 cikin 5 takan yi fama da ciwon damuwa ko fargaba lokacin ciki ko cikin shekarar haihuwa. Kuka da saurin fushi a kwanakin farko na jego ba baƙon abu ba ne, sukan wuce cikin mako 2. Amma idan abin ya zarce haka, ba ta barci ko da jariri ya yi barci, gabanta na faɗuwa ba dalili, ta daina cin abinci, to, ciwo ne, yana kuma da magani.

Kada mu ce mata bangaskiyarta ce ta raunana. A Luka sura 1, Maryamu da cikinta na fari ta tafi wurin Alisabatu, ta zauna wajen wata 3. Ita ma ta nemi babbar mace kusa da ita.

Saboda haka, iyaye mata, kowace mai cikin fari a ikilisiyarmu ta samu Alisabatunta. Maza, ku raka matanku awo, ku karɓi jariri da dare su huta. Dattawa, mu yi addu'a da ita, mu kuma kai ta wurin likita ko ungozoma. Idan ta ambaci cutar da kanta ko jaririn, asibiti a ranar, kada a bar ta ita kaɗai.

Ubangiji ya ba mu kunnen saurare. Amin.