Awon Doron Ido da Tsofaffinmu na Bakin Tafkin Kainji



Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Mu kuwa yau so muke mu juya maganar, mu ɗora shi idon bisa ma'auni. Akwai wani ɗan awo da ake yi masa a asibiti, wanda ba ya cin minti biyar, ba a zub da jini, ba a ko taɓa idon, amma sau da yawa shi ne ke raba tsakanin tsohon da aka yi wa aikin yana ya koma gyaran tarunsa, da wanda aka yi wa aikin ya dawo gida ba ya shaida mai yi masa sallama daga ƙofar zaure.

In mutum ya dubi idon ɗan'uwansa ta gefe, zai ga wani ɓawo garai-garai ya rufe baƙin idon, ya yi doro kamar gilashin agogo. Likitoci na kiransa koniya, Larabawa kuma ƙarniyya. Faɗinsa bai wuce milimita 12 ba, kaurinsa kamar rabin milimita, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. To, wannan doro nasa shi ke tanƙwara haske ya tara shi a bayan ido. Ana auna ƙarfin tanƙwara haske da dayofta. Ido gaba ɗayansa yana da kamar dayofta 60, a ciki koniya kaɗai ke ɗauke da wajen 43, watau kashi biyu cikin uku. Sauran na wata ƙwaya ce da ke can ciki bayan baƙin ido, wadda ita ce ke yin fari in tsufa ya zo, mu ce mutum ya yi yana.

Yaya ake auna doron abin da ba a iya ɗora masa awo? Kowa a cikin zauren nan ya taɓa ganin fuskarsa a bayan cokali ko a gindin sabuwar tasa. A tasa fuskar takan fito da ɗan girma, a cokali kuwa 'yar mitsitsiya, domin iyakar tsananin doro iyakar ƙanƙancewar hoto. Koniya ma madubi ce irin wannan. Saboda haka in ka haska mata wani zane wanda ka san girmansa, daga nisan da ka sani, ka auna girman hoton da ya fito, sauran aiki lissafi ne. Tun a 1619 wani malamin Jamus, Scheiner, ya riƙa gwama hoton taga a idon mutum da hotonta a kan ƙwallayen gilashi masu girma dabam-dabam, har ya sami wanda ya yi daidai. Kafin shi da shekara ɗari shida, Ibnul Haisam ya yi dogon nazari a Alƙahira kan yadda madubi mai doro ke mayar da haske, cikin Kitabul Manazir. Bai auna koniya ba, amma duk mai wannan sana'a yana cin gajiyar harsashin da ya aza.

Wahalar ita ce ido ba ya tsayawa cik. Ko mai shi ya ƙura shi, yana 'yar rawa. Helmholtz, shi ma Bajamushe, a farkon shekarun 1850 ya aro dabarar masu nazarin taurari: ya sa gilashi ya raba hoton gida biyu, mai awo ya yi ta murɗawa har bakin wannan ya taɓa bakin wancan. In idon ya motsa, hotunan biyu tare suke motsawa, awo bai ɓaci ba. A 1881 Javal da Schiotz suka sauƙaƙa na'urar a Faris har ta shiga ɗakin likita. Ita ce keratomita. Mutum zai aza haɓarsa, ya dubi 'yar fitila, a auna tsakiyar koniya, fili mai faɗin kamar milimita 3, a tsaye da kuma a kwance. In awon biyu ya zo ɗaya, doron kamar na ƙwallo yake. In ya bambanta, kamar na ƙwai yake, mai irin wannan ido kuwa yakan ga abubuwa da inuwa-inuwa, na kusa da na nesa, sai an yanka masa tabarau na musamman.

Yanzu mu koma gida. An gina madatsar Kainji tsakanin 1964 da 1968, ruwa ya ci tsohuwar Busa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa, aka tayar da mutum wajen 44,000 aka sake musu matsuguni. Waɗanda aka goyo ko aka riƙo hannunsu a wannan ƙaura, Gungawa da Kambari da Lopawa da Shangawa da Hausawa, yau sun doshi sittin ko sun haura. Shekarun yana ke nan. A zamanin iyayensu, abin tsoro a bakin Kwara shi ne makantar kogi, wadda wani ɗan baƙin ƙuda mai hayayyafa a ruwa mai gudu yake yaɗawa, tsutsarta kuwa takan bi ta koniya ta dushe ta har abada. Kamfanin Merck ya fara ba da maganin Mectizan kyauta a 1987, aka yi shekaru ana rabawa ƙauye-ƙauye, har wani bincike da aka buga a 2022 ya nuna yaɗuwar cutar ta yanke a jihohin Kebbi da Zamfara da Kaduna. Wannan abin godiya ne. Yana kuwa babu ƙwayar da za a raba ta kore ta. Binciken makanta na ƙasa baki ɗaya, wanda aka yi daga 2005 zuwa 2007, ya gano cewa cikin 'yan Nijeriya masu shekara 40 zuwa sama, kashi 4.2 cikin ɗari makafi ne, kuma yana ce sanadin kashi 43 cikin ɗari na wannan makanta. Binciken ya kuma nuna cewa kusan rabin idanun da aka taɓa saboda yana, ba likita ne ya taɓa su ba, masu yawo ne da ke soka tsinke su tura yanar can cikin ido, kuma mafi yawan idanun nan a makance aka same su.

Aikin likita dabam yake. Yakan cire ƙwayar da ta yi fari, ya sa ta roba a gurbinta, dabarar da Harold Ridley ya fara a Landan a 1949. Amma ƙwayar roba lamba-lamba ce kamar takalmi, kuma in an ɗinke ta a ciki ba a tuɓe ta da yamma. Kafin a san lambar da ta dace da mutum sai an san abu biyu: tsawon idonsa daga gaba zuwa baya, wanda a yawancin mutane yake tsakanin milimita 23 da 24, da kuma doron koniyarsa. Kuskuren milimita 1 a tsawo yakan jawo kuskuren dayofta biyu da rabi ko fiye. Kuskuren dayofta 1 a doro kuwa yakan bar kusan dayofta 1 a ganin mutum.

Alal misali, a ce ga dattawa biyu, ɗaya daga Wara ɗaya daga Shanga, tsawon idonsu ɗaya, amma koniyar na farko dayofta 46 ce, ta na biyu 41. In aka sa wa kowannensu lambar da ta dace da mai 43 da rabi, na farko zai tashi ba ya ganin kome sosai sai abin da bai wuce santimita 40 daga fuskarsa ba. Zai iya saka ƙugiya, amma ba zai hango kututturen da ruwa ya rufe rabinsa ba in yana tuƙa jirgi. Na biyu kuwa, na nesa dishi-dishi, na kusa ya fi muni. Gaskiya ne a halitta dogon ido yakan zo da koniya mai sauƙin doro, gajere kuma da mai tsananinsa, shi ya sa lamba guda takan yi wa mutane da yawa daidai gwargwado. Amma ba kowa ba, kuma babu mai iya duban tsoho da ido ya san ko yana cikin masu sa'a. Za a ce ai sai a ba shi tabarau. Haka ne, ga wanda ke Birnin Kebbi. Wanda sai ya hau jirgin ruwa zuwa Yelwa, sa'an nan ya nemi mota ta bi da shi Koko da Jega, tabarau ɗaya in ya fashe ya fashe ke nan.

Bugu da ƙari, idon mutumin bakin ruwa yana da nasa hali. Hasken rana da ke dawowa daga fuskar tafki, da iska, da ƙurar hunturu, su ne ke kawo naman nan da ke tsirowa daga kusurwar ido ta wajen hanci yana hawa baƙin ido. Wannan nama yakan ja koniya ya baje ta ta gefe ɗaya, har awo ya yi ƙarya. In ya yi girma, ƙa'ida ita ce a fara cire shi, a jira makonni ido ya huce, kana a auna. Hakiya ma, ko ta ƙyanda ce, ko ta kaikayin gero da ya soki ido lokacin sussuka, ko ta wani haɗin da aka ɗiga da sunan magani, takan kakkarya hoton har ya ƙi aunuwa, sai likita ya nemi awon ɗaya idon ya yi kirdado da shi. Yara ma ba su tsira ba. Yaron da idonsa ke ƙaiƙayi kullum, ya yi ja-ja kamar ƙasa, yana ta murza shi shekara da shekaru, koniyarsa na iya yin tsini kamar malfa. Keratomita na cikin abubuwan da ke fara tona wannan, tun malaminsa na zaton ƙyuya ce ta hana shi kwafar allo.

Ba mu raina aikin ido na kyauta da gwamnati da ƙungiyoyi da masu hali ke kawowa ba, Allah ya saka musu. Abin da muke ƙi shi ne a riƙa auna nasararsa da yawan kawunan da aka naɗe da bandeji ranar da manyan baƙi suka zo. A 2021 Babban Taron Lafiya na Duniya ya amince cewa abin ƙirgawa shi ne waɗanda aka yi wa aikin suka kuma gani da kyau, ya ce kowace ƙasa ta ƙara maki 30 cikin ɗari a wannan ma'auni kafin 2030. Ba yadda za a kai nan da ƙwaya mai lamba ɗaya.

Yayyenmu ma'aikata, ku ne ke rubuta takardar farko da ake kai wa shugaban ƙaramar hukuma ko babban sakatare. In an ce a yi kiyasin kuɗin aikin ido a Yauri ko Ngaski ko Shanga, kada lissafin ya tsaya ga rumfa da kujeru da man mota. A sa keratomita a ciki, akwai ma ta hannu mai batir wadda za ta shiga jaka ta hau jirgi zuwa tsibiri. A sa na'urar auna tsawon ido, da horar da ma'aikacin jinya ɗan ƙasar da zai riƙe su, da sayen ƙwayoyin roba lamba dabam-dabam, domin awo ba shi da amfani in kwali ɗaya ne a sito. A kuma sa kuɗin komawa bayan mako shida a duba abin da mutanen nan ke gani.

Mu ɗalibai kuwa, mu ake aika wa in kaka ko baffa zai je asibiti, don an ce mun ji Turanci. In muka raka su, mu tambaya cikin ladabi: "Likita, an auna idon kuwa? Wace lamba za a sa masa?" Mu roƙa a rubuta lambar a katinsa, mu adana katin, domin yana ba ta cika barin ɗaya idon ba, kuma likitan da zai yi na biyun zai so ya ga abin da aka sa a na farko.