Agana: Magungunanta Da Iyakar Abin Da Za Su Iya



Abin da ya tara mu a yau shi ne cutar agana, wadda kakanninmu ke kira 'yan rani. Yawancinmu ba mu taɓa ganinta ba, sai dai zanzanar da ta bari a fuskar tsofaffi, ko tabon lamba a dantsen iyayenmu. A zamaninta, mugun nau'inta yakan kashe kusan mutum 3 daga cikin 10 da ya kama. An yi ganinta na ƙarshe a Nijeriya a 1970, a Somaliya kuwa a 1977, sa'an nan a 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar an kawar da ita daga doron ƙasa.

To, in haka ne, ina amfanin neman magani? Amfaninsa shi ne har yanzu ƙwayar cutar tana ajiye a ɗakunan bincike biyu, ɗaya a Atlanta ta Amurka, ɗaya a Koltsovo ta Rasha. A 1978 ta taɓa kuɓucewa daga wani ɗakin bincike a Birmingham ta Ingila, ta halaka wata ma'aikaciya. Daɗin daɗawa, an daina yi wa jama'a lamba tun tuni, saboda haka mu 'yan baya ba mu da garkuwa.

Magunguna uku ake magana a kansu. Na farko shi ne tecovirimat, wanda hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2018. Aikinsa shi ne hana ƙwayar cutar fita daga tantanin da ta shiga, don kada ta bazu a jiki. Yawancin manya sukan sha miligiram 600 sau biyu a rana har kwana 14, tare da abinci mai maiƙo. Illarsa ba ta da tsanani: ciwon kai, tashin zuciya, ciwon ciki da amai.

Na biyu shi ne brincidofovir, wanda aka amince da shi a 2021. Shi kuwa hana ƙwayar hayayyafa yake yi, kuma sau biyu kacal ake shansa, mako guda tsakani. Yakan sa gudawa da amai, yakan taɓa hanta, yana iya cutar da ɗan tayi, kuma an yi kashedin cewa daɗewa ana shansa yana ƙara haɗarin mutuwa. Na uku, cidofovir, ta jijiya ake ba da shi. An yi shi ne don wata cutar ido, kuma yana iya lalata ƙoda.

Amma fa, jama'a, ga inda gizo ke saƙa. Babu ko ɗayansu da aka taɓa gwadawa a kan mai agana, domin babu mai agana. An gwada ƙarfinsu ne a kan dabbobi masu cututtuka dangin agana. Da aka gwada tecovirimat a Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a kan masu ƙyandar biri, 'yar'uwar agana wadda ta sake ɓulla a Nijeriya a 2017, sakamakon da ya fito a 2024 ya nuna bai gaggauta warkewar ƙurajen ba.

Saboda haka, wanda ya cuɗanya da mai agana, abin da zai fara nema shi ne rigakafi. In an yi masa cikin kwana 3 zuwa 4, yakan hana cutar fitowa ko ya rage kaifinta. Magani kuwa sai cuta ta bayyana, kuma sai a hannun likita. Kada mu manta, dabarar gano mai cuta da yi wa na kewaye da shi lamba, wadda aka gwada a Gabashin Nijeriya tun 1966, ita ce ta taimaka ƙwarai wajen karya lagon agana, alhali babu ko ɗaya daga waɗannan magunguna.

Mu da za mu riƙe asibitoci da ofisoshi gobe, nauyinmu ne mu kai rahoton duk wani baƙon ƙurji ga hukumar lafiya ba da ɓata lokaci ba, mu kuma hana jama'a shan magani da ka. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Allah ya kiyashe mu. Wassalamu alaikum.