Aaron Rodgers Ya Raba Kan 'Yan Kallo

A ƙwallon ƙafa irin na Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo da hannu, sunan Aaron Rodgers kan ta da gardama. Shi ne madugu mai jefa ƙwallo; shekara 18 ya yi a Green Bay Packers, ya ci kofin Super Bowl a 2011, sau huɗu kuma ana zaɓensa gwarzon gasar NFL.

Da ya koma New York Jets a 2023, jijiyar agararsa ta tsinke a wasan farko. Wasu magoya baya suka ce tsufa ya zo, ya ajiye takalmi. Masoyansa kuwa suka dage cewa hannun nan bai mutu ba.

Masoyan nasa sun fi gaskiya. A 2025, yana da shekara 41, Pittsburgh Steelers ta ɗauke shi.