Magidanci Da Lissafinsa A Lokacin Tsada

Wannan jawabi ne da aka shirya domin ɗaliban yaƙi da jahilci na ƙasar Kibiya da Rano, maza da mata. Ana roƙon malaman aji su karanta shi a hankali bayan an gama darasi, kuma su bar ɗalibai su yi tambaya.

 

Duk wanda ya shiga kasuwar Kibiya ko ta Rano a 'yan shekarun nan ya ga abin da ake ciki. Magidanci ya fito da kuɗin da ya saba yin cefane da su, ya koma gida da rabin kaya. Ya kwanta da dare barci ya ƙi zuwa. Wani ma har ya dinga yi wa iyali faɗa ba gaira ba dalili, alhali ba su ne suka sa wa kaya kuɗi ba.

Dattawa sun san wannan ba shi ne farau ba. A 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, kuma a shekarar aka yi fari mai tsanani a ƙasar Hausa. A watan Afrilu na 1984 aka canza launin kuɗi, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su kai nasu banki. A 1986 aka kawo shirin gyaran tattalin arziki, naira ta faɗi, kaya suka tashi. Duk an sha wuya. Amma a kowane ƙauye akwai gidajen da suka fita da gonarsu da dabbobinsu, akwai kuma waɗanda suka fita hannu rabbana. Sau da yawa ba yawan dukiya ne ya raba su ba. Lissafi ne da natsuwa.

To, me ya kawo tsadar baya-bayan nan? Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce an janye tallafin man fetur. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki. Zuwa watan Oktoba na 2024 ta haura naira 1,000 a wurare da yawa. A watan Yuni na 2023 kuma aka saki naira, kasuwa ta yi mata farashi. Dalar Amurka da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta wuce naira 1,500 a watan Fabrairu na 2024. Wani zai ce ina ruwan mutumin Tarai ko Durba da dala, shi da bai taɓa riƙe ta ba? Da ruwansa. Maganin feshi, da injin ban ruwa, da kayan gyaran babur, da yawancin magungunan asibiti, daga waje ake shigo da su ko kayan haɗa su, kuma da dala ake biya. Motar da ke kai hatsi Dawanau ita ma ba ruwa take sha ba.

Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 farashin kaya ya ɗara na Disambar 2023 da kusan kashi 35 cikin 100. Ga ma'anar wannan a sauƙaƙe. Wanda ya ƙulle naira 100,000 a tsumma ya binne shekara guda, ranar da ya tono zai ƙirga su cif, ba ko kwabo da ya ɓace. Amma in ya shiga kasuwa, abin da za su saya masa bai wuce na naira 74,000 a lokacin da ya binne su ba. Ɓarawo bai shiga ɗakinsa ba, gara ba ta ci ba, amma an yi masa asara.

Magidanci ba shi da ikon rage kuɗin fetur. Abin da ke hannunsa shi ne gidansa, kuma lissafin gida daga rumbu yake farawa.

Alal misali, a ce gida yana cin kwano 1 na hatsi kowace rana. A wata kwano 30 ke nan. A shekara kwano 365. In buhu yana cin kwano 40, to gidan nan yana bukatar buhu 9 da ɗan ɗoriya kafin wata kakar ta zagayo. Gidan da ke cin kwano 2 kuwa, buhu 18 ne da ɗoriya. Wannan lissafi ɗalibin aji na farko ma zai iya yi a allo. Idan kaka ta yi, bayan an fitar da zakka, sai a ware abincin shekara tukuna, a ware iri, a rufe. Abin da ya ragu shi ne na sayarwa. Mutane da yawa juya abin suke yi. Su fara sayarwa, sai abin da ya rage su ce shi ne na ci. Kafin marka ta kankama rumbu ya ƙare, su koma kasuwa su sayi irin dawar da suka sayar da araha, yanzu da tsada.

A lura kuma da ajiyar kanta. Waken da aka tara bai bushe ba, ƙwari ne za su ci riba. Akwai buhun nan mai ciki uku, wanda ake ɗaure kowane ciki daban, iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Ya fi buhu na yau da kullum tsada, amma bai kai kuɗin wake buhu guda ba.

Sai dai ajiyar hatsi ma tana da nata haɗari, kuma an gani da ido. A 2024 masara da dawa da shinkafa sun yi tsadar da ba a taɓa gani ba. Da kaka ta zo, wasu suka sayar da shanunsu, wasu suka ci bashi, suka sayi hatsi suka tara, suna jiran bazara su ninka kuɗinsu. Ashe a watan Yuli na 2024 gwamnatin tarayya ta riga ta ce za a shigo da masara da shinkafa da alkama da wake daga waje ba haraji har kwana 150. A 2025 sai farashin hatsi ya yi ta sauka, takin zamani kuwa ya ƙi sauka. Wanda ya ajiye na cin gidansa bai yi asara ba, tuwonsa yake ci ko farashi ya hau ko ya sauka. Wanda ya tara da kuɗin bashi shi ne ya shiga uku, ga mai bashi a ƙofar gida, ga hatsi ba mai saye da daraja. Ba wanda ya san farashin baɗi, ko dillalan Dawanau ba su sani ba. Saboda haka in mutum yana da na sayarwa, ya raba shi kashi-kashi: wani da kaka don biyan bukata, wani da rani, wani kuma gab da damina don sayen taki.

Abin da ya fi dacewa shi ne mutum ya raba abin hannunsa gida-gida. Kashi a rumbu. Kashi a turke, wato akuya ko tunkiya ko kaji. Kashi a hannu don ta-kwana. In da hali, kashi a banki. Dabba tana haihuwa, kuma kuɗinta yana tashi tare da na kaya. Mata sun daɗe da gane wannan, akuyar uwargida ta sha fitar da gida kunya ranar da yaro ya kwanta ciwo. Amma dabba tana mutuwa, ana kuma sace ta, don haka a riƙa kai ta rigakafi, kada kuma a tara komai a kanta.

Me ya sa ake cewa a riƙe kaɗan a hannu, kaɗan a banki? A tuna farkon 2023. Babban Bankin Nijeriya ya sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, ya sa wa'adin 31 ga Janairu, daga baya ya ƙara zuwa 10 ga Fabrairu. Masu tsofaffin kuɗi a gida suka yi ta kwana a layi. Masu kuɗi a banki kuma suka rasa na sayen gishiri, sai sun biya masu POS lada mai yawa. Wasu suka karyar da dabbobi don kawai su riƙe tsabar kuɗi. Daga ƙarshe, ranar 3 ga Maris, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗin. Wanda ya firgita ya yi gwanjon akuyarsa bai dawo da ita ba.

Masu tsoron banki su san cewa akwai hukumar da ake kira NDIC, aikinta biyan masu ajiya in banki mai lasisi ya rushe. Tun watan Mayu na 2024 tana lamunce wa kowane mai ajiya har naira miliyan 5 a manyan bankuna, da naira miliyan 2 a ƙananan bankunan al'umma. Da aka ƙwace lasisin bankin Heritage a watan Yuni na 2024, ita ce ta shiga biyan mutane. Wanda kuma ba ya son harka da kuɗin ruwa, akwai bankuna irin su Jaiz, wanda ya fara aiki a 2012, da TAJ. Abu ɗaya dai: lambar sirri ta kati ba a faɗa wa kowa. Banki ba ya bugo waya ya tambaye ta. A nan ne amfanin aji yake fitowa fili. Wanda ya iya karatu da kansa zai danna lambarsa, da kansa zai karanta saƙon da ya shigo, ba sai ya miƙa wa yaro a tasha ba.

Lokacin tsada shi ne kakar 'yan damfara, domin mai neman mafita ba ya tsayawa bincike. A ƙarshen 2016 wani shiri mai suna MMM ya tsaya cak da kuɗin mutane. A watan Afrilu na 2025 wani kuma mai suna CBEX, wanda ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin wata guda, ya rufe. Yadda suke yi ɗaya ne. Su karɓi kuɗin na baya su biya na gaba, na gaba ya tafi yana yabo, ya jawo 'yan'uwansa. Ran da masu shiga suka yi ƙaranci, sai a nemi masu shirin a rasa. Manomi ya yi wa kansa tambaya: shi da ke yin wata 4 yana noma kafin ya ga amfani, wace sana'a ce ke ninka kuɗi a kwana 30 mutum yana kwance? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Adashi ya fi wannan nesa ba kusa ba, tunda an san uwar adashi, an san gidanta. Mutum 10 masu zubin naira 2,000 duk mako, kowa zai kwashi naira 20,000. Amma kuɗin adashi ƙafa gare su. In ba a yanke abin da za a yi da su tun kafin ranar kwasa ba, kwana 3 sun yi yawa. A kwasa yau, gobe a mai da su ɗan akuya, ko buhun taki, ko jarin ƙuli-ƙuli.

Batun bashi kuwa, an ce hanji ne, yana cikin kowa. Amma bashi iri-iri ne. Na sayen taki ko iri yana da inda zai fito. Na biki ba shi da shi. Mafi muni shi ne wanda ake ci da damina a kan za a biya da hatsi in kaka ta yi, domin mai ba da kuɗin shi ke yanka farashi, kuma ba zai yanka don ya faɗi ba. Sai kuma jinginar da gona. Gonaki nawa ne aka jinginar saboda bikin kwana 2, har yau jikoki ba su fanshe ba? Ba a ce kada a yi aure ko suna ba. A yi daidai ruwa daidai tsaki. Kayan ɗaki kuma a fara tara su tun yarinya tana ƙarama, kwano ɗaya yau, tabarma gobe, don ba a fafe gora ranar tafiya. In ya zama dole a ci bashi, a rubuta nawa ne, da ranar biya, da shaidu, kowa ya riƙe takardarsa.

Rani ba lokacin zaman dandali ba ne. Ruwan madatsar Tiga yana bi ta ƙasar Bunkure da Kura da Kadawa, ana noman rani, ana neman 'yan ƙwadago. Wanda ba zai je ba, ga kiwon turka don Babbar Salla, ga tara takin gida a kai gona tun kafin ruwa ya sauka, wanda zai rage yawan na zamani da za a saya. Duk kwanon da aka ci daga kuɗin rani, kwano ne da ya tsaya a rumbu.

Saura abu guda, wanda maza ba su cika son ji ba. Magidanci ya zauna da iyalinsa ya gaya musu gaskiyar abin da ke rumbu. Ɓoyewa ba ta ƙara ko tsaba. Uwargida ita ke auna hatsi kullum, ta fi kowa sanin inda yake zurarewa. In ta san buhu 9 ne za su kai gida kaka, ita za ta fara tsare su. In kuwa tana zaton akwai wasu a ɓoye, ba laifinta ba ne in ta saki hannu. Haka kuma in labari ya zo daga kasuwa ko ta waya, cewa za a canza kuɗi, ko kaya za su ninka gobe, kada mutum ya kwance akuya a daren. Ya saurari rediyo, ya tambayi wanda ya sani, ya bari a kwana biyu. Wanda kuma damuwa ta hana shi barci, kansa yana yawan ciwo, ya je asibiti a auna jininsa, don hawan jini ba ya sallama kafin ya kayar da mutum.

A mako mai zuwa kowane ɗalibi ya zo da ƙaramin littafi da fensir. A shafin farko a rubuta yawan mutanen gida da kwanon da ake ci a rana. A shafi na biyu a ja layi a tsakiya, dama abin da ya shigo, hagu abin da ya fita, har da goro da katin waya. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna ya yi da ajami, ko ya ja sanda-sanda, malamin aji zai taimaka masa ya mai da su lambobi.