BATIR DA TURJIYAR CIKINSA



Yau hirarmu kan batir ce, irin na mota, wanda kuke haɗawa da farantin hasken rana don kunna fitila da cajin salula. Wani Bafaranshe, Gaston Planté, shi ya ƙago shi a shekarar 1859. A cikinsa akwai ɗakuna 6. Kowane ɗaki yana da faranta na dalma cikin ruwan asid, yana ba da volt 2 da ɗan kai. Shi ya sa ake ce masa mai volt 12.

To, wuta ba ta fita daga batir haka kawai. Sai ta sha turjiya a ciki. Ku dubi amalanke. Bisa hanya mai tauri jaki yana jan ta da sauƙi. In ta shiga rairayi, rabin ƙarfinsa nan yake ƙarewa.

In batir ya cika, asid ɗinsa yana da ƙarfi, turjiya kaɗan ce. In ana ta shan wuta, asid yana komawa ruwa, wani farin gishiri yana lulluɓe dalmar. Turjiya sai ta riƙa ƙaruwa, da farko sannu sannu, can wajen ƙarshe kuma da sauri. Shi ya sa fitila take dushewa farat ɗaya da tsakar dare.

Ku kama waɗannan lambobi. A bar batir ya huta awa biyu ko uku, sannan a auna. Volt 12,6 ya cika. Volt 12,2 saura rabi. Nan ya kamata a tsaya a sa caji. Wanda ya bar batir ba caji har kwanaki da yawa, gishirin nan zai daskare, caji ba ya narkar da shi, kuɗinsa sun tafi.

Tsohon batir yana da yaudara. Yakan nuna 12,6 in ba a ɗora masa komi ba. Kafin ka saya a kasuwa, ka ce bakanike ya haɗa masa fitilar mota, ya auna tana ci. In lamba ta faɗi ƙasa nan take, bar shi.

Lokacin bazara zafi yana shanye ruwan batir. A ƙara masa tataccen ruwa na batir. Kada a zuba na rijiya, kada a ƙara asid. A nesanta shi da taba da ashana in yana caji, don iskar da yake fitarwa tana kama wuta.

Sai sati mai zuwa, in Allah ya kai mu.